Me Ya Sa Babu "Maƙerin Kuɗi" a Sunayen Hausawa?

A Jamus akwai zuri'ar Münzer, a Ingila akwai Minter, kuma asalin sunayen shi ne mai buga tsabar kuɗi. A unguwa irin Hayin Banki ta Kaduna kuwa, kana iya cin karo da Tela, Wanzam, Maƙeri ko Madugu a bayan sunan mutum, amma ba za ka ji takwaran Münzer ba. Daga wannan giɓi ne wasu ke kafa hujjar cewa kafin zuwan Turawa Bahaushe musayar kaya kawai ya sani. A ganina an karanta shaidar a baibai.

Tarihin Kano ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731. Da matafiyi Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Kasuwar da ke da tsayayyen farashin canji ai ta wuce musaya. Sai dai wuri ba ƙera shi ake yi ba. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya fatauci ke kawo shi, kamar yadda manazarta Hogendorn da Johnson suka bi diddigi a 1986. Sana'ar da kuɗin ya haifar a nan ta ƙirgawa ce da ajiya da shiga tsakani, shi ya sa muka gaji Ma'aji da Dillali.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne batun maƙeran fari. Masu wancan ra'ayi na cewa: tun da akwai gwanayen azurfa, rashin buga tsaba na nuna ba a bukace ta ba. Fasaha kam akwai ta. Amma me maƙerin fari ke yi da liyarin Mariya Tereza in ya shigo hannunsa? Narkar da shi yake yi, ya fitar da mundaye da zobba da adon sirdi. Azurfar kanta baƙuwa ce, kuma a buge take zuwa da hatimin da fatake suka amince da shi daga Tarabulus har Kano. Sarkin da zai sake mata hatimi rage mata karɓuwa kawai zai yi. Rashin buga tsabar lissafin ɗan kasuwa ne.

A nan dole in taƙaita da'awata. Hayin Banki ba za ta yi shaida kan ƙarni na 19 ba, domin Kaduna ba ta zama hedikwatar Arewa ba sai 1917, lokacin da anini da kwabo da sule suka riga suka bazu, dukkansu bugun Ingila. Kamfanin buga kuɗi na Nijeriya ma sai 1963 aka kafa shi, a Legas, kuma ma'aikacin albashi ba ya gadar wa ɗansa laƙabin sana'a yadda wanzami ke yi.