Darasin da ke bin mutane har cikin gida

A Dei-Dei, inda kasuwar katako da kara ta dabbobi suka tara Hausawa daga ko'ina, ba abin mamaki ba ne a ɗauki malami ya riƙa zuwa gida yana koya wa yara karatu. Abin da ke wuyar samu shi ne takardar da za ta nuna wa iyaye yadda za su koyar da kansu.

A Amurka an daɗe da yin irinta. A 1977 wani tsohon malamin makaranta, John Holt, ya fara buga mujallar Growing Without Schooling a Boston, kuma yawancin shafukanta wasiƙun iyaye ne masu ba juna dabaru. Ta ci gaba da fita har 2001.

Amma mu ma muna da namu, kuma ya girmi na Holt da fiye da shekara ɗari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta ga matan ƙauye ba su da halin barin gidajensu su zauna gaban malami. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji kan zo wurin Nana tare da ayarinta, ta ɗauki karatu, ta koma garinsu ta shiga gida-gida. Waɗannan matan su ne 'Yan Taru. Kayan koyarwar kuwa waƙoƙi ne da Nana ta tsara da Fulatanci da Hausa, har da wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani. A ganina dabarar tana nan: waƙa ba ta buƙatar injin buga littafi, mace na daka tana bitar darasinta. Bayan rasuwar Nana a 1864, ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin.

Takardar boko ta zo daga baya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke karanta wa jama'a a zaure. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga jaridun larduna cikin Hausa mai sauƙi: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. An rufe hukumar a 1959.