Rajista, Magani da Amana: Gurbin Kamfanonin Kula da Lafiyar Jama'a a Birnin Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kamfanonin da ke karɓar kwangilar kula da lafiyar wani rukunin jama'a, suna tattara bayanansu, suna ware masu haɗarin kamuwa da ciwo, sannan suna naɗa musu masu bibiya da nasiha. Hujjarta ita ce, a wuri irin cikin ganuwar Zariya nasiha ita kaɗai ba ta sauke hawan jini, kuma kamfani ba zai amfani Zazzagawa ba sai ya yi aiki a kan rajistar hukuma, da magani a hannu, ta bakin mutanen da gidaje suka riga suka yarda da su.

Wannan sana'a a Amurka ta girma, kuma dalilin girmanta na kuɗi ne. Inda kamfanin inshora ko mai ɗaukar ma'aikata ke biyan kuɗin asibiti, duk wanda aka hana kwanciya riba ce gare shi, don haka yake hayar wani kamfani ya riƙa kiran masu ciwon suga da hawan jini yana tunatar da su magani da abinci da motsa jiki. Tsarin ya dogara ne kan abu biyu: cikakken jerin sunayen mutanen da ake kula da su, da mai biya guda ɗaya wanda lafiyarsu ke rage masa asara. A Nijeriya makusantan wannan sana'a su ne kamfanonin inshorar lafiya, wato HMO, irin su Hygeia da Avon da Reliance, sai kuma sababbin kamfanonin waya da intanet irin mDoc na Legas, wanda ke haɗa masu ciwon da ba ya warkewa da masu bibiyarsu. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuma Jihar Kaduna tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. Maɗinkin babbar riga a Kwarbai ko mai sayar da hatsi a kasuwar birni shi ne mai biyan kuɗin kansa, kuma sunansa ba ya cikin jerin kowane kamfani. Ginshiƙan nan biyu ke nan babu su.

Kafin a yi maganar shigo da tsarin, ya kamata a tambayi abin da ya haifar a inda aka haife shi, domin tallar kamfanonin ta fi shaidarsu ƙarfi. Gwajin da shirin Medicare na Amurka ya yi daga 2005, inda kamfanonin kasuwanci suka riƙa bibiyar tsofaffi masu ciwon suga da ciwon zuciya ta waya, bai rage kwanciya asibiti ko kashe kuɗi yadda aka yi alkawari ba, kamar yadda McCall da Cromwell suka wallafa a 2011. Binciken Jami'ar Illinois kan ma'aikatanta, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa masu shiga shirin nasiha da ma can sun fi sauran lafiya, kuma da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba a ga wani bambancin kirki a kuɗin magani ba. A ɗaya ɓangaren akwai gwajin shagunan aski na Los Angeles da aka buga a 2018. A shagunan da masu aski suka tsaya ga ba da shawara a je asibiti, awon jini na sama ya sauka da kusan maki 9. A shagunan da aka kawo masanin haɗa magunguna yana aunawa yana rubuta magani nan take, ya sauka da kusan maki 27. Gwajin HOPE-4 a Kolombiya da Malesiya, na 2019, ya bi wannan sawu: ma'aikacin lafiya wanda ba likita ba, magani kyauta, da wani ɗan uwa a gida mai sa ido. Abin da waɗannan nazarce-nazarce suka haɗu a kai shi ne, bibiya tana aiki idan ta zo da ƙwayar magani kuma ta fito daga wurin da mutum ya saba zama.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga wannan darasi, hasali ma tana cikin wuraren da suka koya wa duniya shi. Binciken Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka wallafa a 1985, ya nuna cewa mace-macen mata masu juna biyu ya taru ne a kan waɗanda ba su je awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Tun kafin nan, a 1978, Davidson da Parry sun bayyana yawan ciwon gazawar zuciya ga masu jego a yankin Zariya, suka danganta shi da shan kunun kanwa da gasa jiki a kan gadon ƙasa mai zafi. Ko da yake binciken baya-bayan nan ya nuna cewa dalilan ciwon sun fi haka yawa, abin lura a nan shi ne wa ke yanke shawarar waɗannan al'adu. Mai jego ba ita ke dama kunun ba, kuma ba ita ke cewa a daina ba. Uwarta ce, ko uwar mijinta, ko ungozoma. Zuwa awo kuwa yana hannun maigida, izni da kuɗin mota duka. Kamfanin da ya gina shirinsa a kan mutum ɗaya da wayarsa ya ɗauka cewa mai ciwon shi ke da ikon tukunyarsa da ƙofar gidansa. A gidan gandu na Limancin Kona ko Unguwar Juma, inda tukunya guda ke ciyar da mutum ashirin, rage gishiri da dunƙule shawara ce ta gida gaba ɗaya.

Saboda haka gurbin da ya dace da kamfani a nan ƙarami ne, amma yana da muhimmanci. Rajistar masu hawan jini da ciwon suga ta kowace mazaɓa ta zama mallakar hukumar lafiya matakin farko da KADCHMA, a ajiye ta a ƙaramin asibitin unguwa, tare da hanyar miƙa masu tsanani zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa a Shika. Kamfani ya kawo abin da ya fi gwamnati iyawa: manhajar da ke nuna wanda bai dawo karɓar magani ba, tsarin da ke hana magani yankewa, da horar da masu bibiya. Masu bibiyar kuwa su fito daga unguwar, mata ga mata, a biya su albashi na gaskiya. Shirin CHIPS da hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar a 2018 ya riga ya kafa irin wannan ma'aikaci, kuma yaƙi da shan-inna, wanda ya kai ga ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, ya nuna abin da masu unguwanni da dagatai da limamai ke iya yi idan aka sa su a gaba. Sannan a ɗaura wani ɓangare na kuɗin kwangila a kan adadin mutanen da awon jininsu ya daidaita bayan shekara, wanda wani mai bincike na daban zai tabbatar. Yawan kiran waya ko saƙonnin da aka tura ba ma'auni ba ne.

Za a iya cewa gwamnati ce ta gaza tun farko, don haka ɗaura kamfani a jikinta ɗaura shi ne a kan gazawa, gara a bar shi ya sayar wa mai iya saye. Wannan suka tana da ƙarfi, domin kowa ya san ƙaramin asibitin da ba magani a cikinsa. Amma misalin da ya fi kusa da mu ya nuna akasin haka. A Jihar Kwara, daga 2007, kamfanin Hygeia ya gudanar da inshorar al'umma a karkara tare da gidauniyar PharmAccess ta ƙasar Holan da gwamnatin jihar, kuma binciken Hendriks da abokan aikinsa na 2014 ya sami sauƙin hawan jini a yankin da shirin ya shiga fiye da yankin da bai shiga ba. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne an gyara asibitocin, kuma tallafi ne ya ɗauki mafi yawan kuɗin rajista. Kamfanin da aka bar wa kasuwa zalla zai nufi ma'aikatan jami'a a Samaru da na bankuna a Sabon Gari, waɗanda da ma suna da likita, ya bar cikin ganuwa ga mai kemis. Asusun kula da lafiya matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta tanada, wanda bai kamata ya gaza kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ba, shi ne kuɗin da zai iya zama mai biyan da babu shi a yanzu.

Suka ta biyu ta fi damuna, ita ce ta sirri. Maƙwabciyar da ta san awon jinin kowa a layi tana iya zama hanyar tonon asiri, kuma a garin da ake binciken asali da lafiya kafin aure wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu za su fi sakin jiki da baƙuwar murya daga Legas saboda ba ta san su ba. Amsar ita ce a taƙaita abin da mai bibiya ke gani ga abin da aikinta ke buƙata, a bar wa majiyyaci zaɓin wanda zai bibiye shi, kuma a rubuta cikin kwangila cewa bayanan ba na kamfani ba ne, ba zai sayar ko ya tafi da su ba idan wa'adinsa ya ƙare. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, sai dai doka a Abuja ba ta tsare littafin rajista a Babban Dodo. Wannan aiki ne na kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ya kamata ya sami ikon duba littafin ƙorafi da kuma neman a sauya duk mai bibiyar da ta saki baki.