Kisra, Sarkin da Ba a Raɗa wa Yaro Sunansa

A watan Rabi'ul Awwal ne sunan Kisra ya fi yawo a unguwarmu ta Kinkinau. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ɗaure lasifika a jikin turken lantarki, kuma malami ba zai tashi ba sai ya kawo labarin daren haihuwar Manzon Allah (SAW): fadar Kisra ta tsage, benaye 14 suka rufto, wutar da Majusawa suke bauta wa ta mutu. Muna yara, mun ɗauka Kisra wani ƙato ne guda ɗaya mai hular zinare.

Ashe Larabawa duk sarkin Farisa Kisra suke ce masa, kamar yadda duk sarkin Masar na da Fir'auna ne. Asalin sunan Khusrau, Turawa kuma suka ɗauko shi daga Girkawa suna rubuta Chosroes. Wanda aka haifi Annabi a zamaninsa shi ne Anushirwan, da ya yi mulki daga 531 zuwa 579, har marubutan Musulmi na yaba adalcinsa. Jikansa Abarwiz ne ya yayyaga wasiƙar Annabi da Abdullahi ɗan Huzafa ya kai masa, ɗansa na cikinsa kuma ya sa aka kashe shi a 628. Ba a cika shekara goma ba rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta shiga Mada'in, birnin fadar Kisra, aka kawo awarwaron Kisra Madina, Sayyidina Umar ya sanya wa Suraƙa ɗan Malik a hannu. Ragowar fadar na nan tsaye kudu da Bagadaza, wata ƙatuwar baka ta tubali da ta haura mita 30.

Wannan shi ne Kisran littafi. Akwai wani kuma a bakin Kwara. Sarakunan Borgu na cewa kakansu Kisra ne, wanda ya ƙi karɓar Musulunci, ya taso daga gabas da jama'arsa har ya iso Kwara, 'ya'yansa suka kafa Busa da Nikki da Illo. Bajamushen nan Leo Frobenius, da ya zaga ƙasar wajen 1910, ya ji labarin ya ce ai sojojin Abarwiz ne da suka ci Masar, da Rumawa suka fi ƙarfinsu sai suka nausa yamma. Ni dai ban gamsu ba. Tsakanin Nilu da Kwara akwai nisa, kuma babu wata takarda da ta biyo sawunsu. Abin da ya fi kama hankalina shi ne, mutanen da suka daɗe suna tare da addinin kakanninsu, Wangarawa da fatake Hausawa na ratsa su a hanyar Gwanja, sun ji malamai na ambaton babban sarkin da ya ce a'a, sai suka ce to, namu ne. Tsohuwar Busar ma ruwan madatsar Kainji ya shanye ta a 1968, amma labarin ya bi mutane zuwa sabuwar.

Duk da wannan shahara, ban taɓa zuwa suna a Kinkinau na ji liman ya raɗa Kisra ba. Wa zai so ɗansa ya ci sunan wanda ya yaga wasiƙar Annabi? Amma ƙetara gada ka shiga Kakuri ko Sabon Tasha, za ka haɗu da Darius da Cyrus, wato Dariyus da Sairus, su ma sunayen sarakunan Farisa ne, waɗanda suka riga Kisra da shekara fiye da dubu. Su ta Littafi Mai Tsarki suka iso, a can kuwa mutanen kirki ne: Sairus ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar Yahudawa suka koma gida, Dariyus kuma ya ba da izinin ƙarasa ginin Haikali. Shi ya sa Turawan Ingila da Amurka suka riƙa sa wa 'ya'yansu sunayen, har aka sami Cyrus Vance, sakataren harkokin wajen Amurka a zamanin Jimmy Carter. Ta hannun mishan sunayen suka shigo Arewa, muka ga Darius Ishaku ya yi gwamnan Taraba daga 2015 zuwa 2023.

Sai dai mai yiwuwa Sairus ya shigo unguwarmu ta bayan gida. Malamin Indiya Abul Kalam Azad ya kafa hujja a tafsirinsa cewa Zulƙarnainin Suratul Kahfi shi ne Sairus, ba Iskandar na Girka ba kamar yadda wasu magabata suka tafi a kai. Malamai ba su haɗu a kan maganar ba. Idan dai Azad ne da gaskiya, Zulƙarnainin da muka yi makarantar allo tare, shi da Cyrus na Sabon Tasha takwarori ne.