Daga ina ambaliyar wutar Saiberiya ta fito?

A kusa da birnin Norilsk, can arewacin Rasha, baƙin dutsen da ake kira basalt ya hau kan juna, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har kaurinsa ya haura kilomita uku. Dukansa narkakken dutse ne da ya keto ƙasa ya malala shekara miliyan 252 da suka wuce, akasarinsa cikin abin da bai kai shekara miliyan ɗaya ba. A daidai lokacin ne fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. An san lokacin. Inda wutar ta fito ne ya gagari masana.

Amsar da aka fi ji ta faro daga Jason Morgan, wanda a 1971 ya ce akwai ginshiƙan dutse mai zafi da ke tasowa sannu a hankali daga ƙuryar cikin duniya. A 1989 Richards da Duncan da Courtillot suka ƙara da cewa ginshiƙin yana da ƙaton kai da siririyar wutsiya: kan ke narkewa ya yi ambaliya, wutsiyar kuma ta bar jerin duwatsu masu aman wuta. Iskar hiliyom ta ba su shaida. Iri biyu ce: mai nauyinta tana samuwa kullum daga rugujewar yuraniyom, marar nauyin kuwa gado ce tun farkon duniya, kuma a can ƙurya ta fi ajiyuwa. A 1995 Basu da abokan aikinsa suka iske kason marar nauyin a wani dutsen Saiberiya ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 13, alhali na dutsen tsakiyar teku bai cika wuce takwas ba.

To amma in ƙaton abu mai zafi ya tokari ƙasa daga ciki, ai dole ta kumbura. A 1998 Czamanske da abokansa suka duba shimfiɗun kwal da ke ƙarƙashin basalt ɗin, suka ga alamar ƙasar lotsawa take yi. Wutsiyar ma ta ɓata. Ta ambaliyar Deccan a Indiya ana bin sawunta har tsibirin Réunion. Ta Saiberiya wasu sun nuna Iceland, ba a kuwa yi ittifaƙi ba.

An gwada wasu hanyoyin. Masu cewa dutsen sama ne ya faɗo ya fasa ƙasa ba su samo ramin da zai gaskata su ba. Elkins-Tanton ta kawo magana mai ƙwari: gindin nahiyar ne ya yi nauyi ya ɓalle ya nutse, dutse mai zafi ya taso ya cike gurbin. Wannan ya bayyana lotsawar, sai dai duwatsun yankin Maimecha na Saiberiya masu yawan magniziyom suna buƙatar zafin da ya wuce na yau da kullum.

A 2011 Sobolev da tawagarsa suka nemi sulhu. Yawan nikel a ƙwayoyin ma'adinin olibin ya nuna musu ginshiƙin ya taho da tsohon ɓawon teku da ya daɗe da nutsewa, kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Irin wannan dutse yana da nauyi, shi ya hana ƙasa kumbura, yana kuma da saurin narkewa.

Maganar ta yi ma'ana, amma a dubi shaidun. Narkakken dutsen ya ratsa ɓawon nahiya da gishiri da kwal kafin ya fito, kowanne ya bar masa ɗanɗano, har yakan yi wuya a raba na asali da na hanya. Wani babban ɓangarensa yana binne a ƙarƙashin filin yammacin Saiberiya, sai ta rijiyar haƙa ake taɓa shi. Ginshiƙin kansa ya huce tun tuni. Zancen ginshiƙi shi ke kan gaba a yau, amma shari'ar ba ta ƙare ba.