Ambaliyar Kogin Kaduna a Taswirar Rada

Daga tsaunukan Jos Kogin Kaduna yake tasowa, kuma ruwan Agusta da Satumba ne ke cika shi har ya tumbatsa a tsakiyar birni. Mazauna Barnawa da Nasarawa da sauran unguwannin kudancin kogin ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Abin da mai tsara gari yake buƙata shi ne ya san iyakar inda ruwan ke kaiwa, da yawan shekarun da yake kaiwa wurin.

NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, taurarin ɗan'adam da Najeriya ta harba a 2011, kyamara aka ɗora musu, ita kuwa kyamara hadari yana makantar da ita daidai lokacin da ake neman hoto. Rada ba ta da wannan matsala. Tauraron rada Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, yana aiko da sigina daga nisan kusan kilomita 700, ta ratsa gajimare dare ko rana, sannan ya auna abin da ya komo. Ruwan da ke kwance yana kautar da siginar gefe, sai wurin ya fito baƙi. Ƙasa da ciyawa suna mayar da ita, su fito da haske. Idan aka gwama hoton rani da na damina, sabon baƙin da ya bayyana shi ne ambaliya. Hotunan kyauta ne.

A fadama da gonakin bakin kogi dabarar tana aiki sosai. Cikin unguwa ne take rauni. Inda gidaje suka cushe, siginar kan bugi ruwan da ke lungu, ta bugi bango, ta koma sama da ƙarfi, sai layin da ruwa ya ci ya fito fari kamar busasshe. Rufin kwano yana ƙara dagula hoton. Ga kuma lokaci: tauraro guda sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa, alhali ruwan da ya shiga ɗaki da dare yakan janye cikin kwana biyu. Tun da Sentinel-1B, tauraro na biyu a jerin, ya lalace a Disamba 2021, sai a Disamba 2024 aka harba magajinsa, don haka hotunan daminar waɗannan shekaru sun yi ƙaranci.

Taswirar da aka zana da rada kaɗai za ta rage yawan gidajen talakawa da suka nutse, kuma idan da ita aka raba tallafi, an zalunce su. Amfaninta yana wajen tara hotunan shekaru, a ga filin da kogi ke komawa kowace damina. Ya kamata hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta riƙa auna shatin ruwa a jikin bangaye bayan kowace ambaliya, hukumar taswirar filaye, KADGIS, ta haɗa awon da hotunan, hukumar tsara birane, KASUPDA, kuma ta duba taswirar kafin ta ba da izinin gini a bakin kogi.