Nazarin ɗabi'a a aikace: abin da ma'aikacin cibiyar kula da masu galahanga ya kamata ya sani

Nazarin ɗabi'a a aikace, wanda aka fi sani da ABA, fanni ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ke bin diddigin yadda muhalli yake tasiri a kan abin da mutum yake aikatawa, domin a koyar da sababbin ƙwarewa, a kuma rage ayyukan da ke cutar da mai su. An fi jin sunansa a cibiyoyin kula da yara masu lalurar galahanga, kodayake makarantu da masana'antu ma suna amfani da shi.

Tushensa yana cikin binciken masanin nan na Amurka, B. F. Skinner, wanda ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a kan beraye a 1938. Fannin ya tsaya da ƙafarsa a 1968, lokacin da Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley na Jami'ar Kansas suka fayyace sharuɗɗansa guda bakwai. Daga cikinsu akwai cewa a yi aiki a kan abin da ke da amfani ga rayuwar mutumin, a iya auna shi, a kuma rubuta hanyar dalla-dalla ta yadda wani zai iya maimaita ta.

Kalmar ɗabi'a a nan ba ta nufin hali ko tarbiyya kamar yadda aka saba ji. Tana nufin duk wani aiki da za a iya gani a ƙirga. Idan ma'aikaci ya rubuta cewa yaro yana da taurin kai, bai ba abokan aikinsa wani abin riƙewa ba. Idan ya ce yaron ya ture littafi sau huɗu cikin minti goma, ya samar da abin da za a kwatanta da na gobe. Kowane aiki kuwa ana dubansa ne ta fuska uku: abin da ya faru dab da shi, aikin kansa, da abin da ya biyo bayansa.

Na ukun nan shi ne ƙashin bayan fannin. Duk abin da ya biyo bayan aiki har ya sa aikin ya yawaita, shi ake kira ƙarfafawa, kuma sakamako ne ke tabbatar da shi, ba niyyar ma'aikaci ba. Alewa ba ƙarfafawa ba ce ga yaron da bai damu da ita ba. Tsawa kuwa tana iya zama ƙarfafawa ga wanda ba a kula shi sai ya yi ɓarna. Akwai kuma wadda ke zuwa ta hanyar ɗauke abin da mutum ba ya so, wadda sababbin ma'aikata kan ɗauka horo ce, alhali ba shi ba ce. A ce an miƙa wa yaro aikin rubutu, ya fashe da kuka, sai aka janye littafin. Yaron ya koyi cewa kuka yana kore aiki. Ma'aikacin shi ma ya koyi cewa janye littafi yana kawo shiru. Gobe kowannensu zai maimaita nasa.

Saboda haka tambayar farko ita ce: me wannan aiki yake samar wa yaron? Masana sun karkasa amsar gida huɗu: neman kulawar mutane, guje wa abin da aka buƙata daga gare shi, samun wani abu kamar abinci ko abin wasa, da jin daɗi ko sauƙin da aikin kansa ke kawo wa jiki. Brian Iwata da abokan aikinsa sun nuna a 1982 yadda za a gwada waɗannan dalilai a tsakanin masu ji wa kansu rauni. Yara biyu na iya buga kai da bango, ɗaya don a zo gare shi, ɗaya don a ƙyale shi; dabarar da ta taimaki na farko tana iya ƙara dagula lamarin na biyu. Kafin duk wannan, ya kamata likita ya duba ko ciwon haƙori ko na kunne ne ke damun yaron da ba ya iya faɗa.

Idan an gano dalilin, sai a koya wa yaron hanya mafi sauƙi ta samun abin da yake nema. Edward Carr da Mark Durand ne suka bayyana wannan dabara a 1985: mai kuka don gudun aiki a koya masa miƙa kati mai alamar hutu, a kuma ba shi hutun nan take. Amma a sani cewa idan tsohuwar hanya ta daina biyan buƙata, sau da yawa takan ƙara tsananta kafin ta lafa. Ma'aikacin da ya karaya a wannan gaɓa ya koya wa yaron cewa kuka mai ƙarfi ne ke aiki. Shi ya sa dole dukkan ma'aikata da iyaye su kasance a kan tsari ɗaya, kuma ba a gwada wannan a kan aiki mai haɗari sai da jagorancin ƙwararre.

Wajen koyarwa, ana rarraba aiki kamar wanke hannu zuwa ƙananan matakai, a tallafa wa yaro da riƙe hannu ko nuni ko magana, sannan a riƙa janye tallafin sannu a hankali. Yaron da ya iya wanke hannu a famfon cibiya amma ya kasa da buta a gida, da sauran aiki a kansa.

Fannin bai tsira daga suka ba. Ivar Lovaas, wanda rahotonsa na 1987 a kan horo na awa 40 a mako ya yaɗa ABA a duniya, ya yi amfani da horo mai zafi a farkon aikinsa, har da girgizar lantarki. Manya da dama masu galahanga suna ƙorafin cewa an tilasta musu kallon idon mutane da daina kaɗa hannu, abubuwan da ba su cutar da kowa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ya sa a yau ana ƙara jaddada neman yardar yaron da lura da alamun ƙin amincewarsa. Hukumar BACB ta Amurka, wadda aka kafa a 1998, ta shardanta wa ƙananan ma'aikata horo na awa 40 da jarrabawa, tare da ci gaba da aiki ƙarƙashin sa idon ƙwararre.