Talmud: Daga Alƙalamin Marubuta Zuwa Allon Kwamfuta

Talmud na Babila, babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, an kammala tattara shi a ƙasar Iraƙi ta yau wajajen ƙarni na 6. Kusan shekara dubu ana kwafarsa da hannu, kowane marubuci da tuntuɓen alƙalaminsa. Ga kuma wuta: a 1242 an ƙone tarin kwafinsa a birnin Faris. Rubutun hannu guda ɗaya tak ya tsira kusan cikakke, wanda aka kammala a 1342, yana ajiye a Munich ta Jamus.

Tsakanin 1520 da 1523 Daniel Bomberg ya buga Talmud gaba ɗaya a Venice. Matani na tsakiyar shafi, sharhin malami Rashi a gefe guda, sharhin da ake kira Tosafot a ɗaya gefen, kamar yadda hashiya ke kewaye matani a littattafan fiƙihu. Bugun Vilna na 1880 zuwa 1886 ya bi wannan tsari, ya zama abin dogaro. Ɗab'i ya kawo sauƙi, amma ya tsayar da nassi a fuska ɗaya, har da wuraren da masu tace littattafai na coci suka sauya.

Raphael Rabbinovicz ya fara maganin wannan a ƙarni na 19 da littafinsa Dikdukei Soferim, inda ya jera saɓanin kwafe-kwafe. Sai ga Geniza, taskar tsofaffin takardun Yahudawa ta Alƙahira, wadda Solomon Schechter ya kwashe guntayen takardunta kusan 190,000 zuwa Cambridge a 1897. Shaidun nassi suka yi yawa, gindin shafi ya kasa ɗauka.

Nan kwamfuta ta shigo. A 1963 Aviezri Fraenkel ya kafa shirin zuba fatawoyin malamai a na'ura, aikin da Jami'ar Bar-Ilan ta riƙe. Shirin Friedberg, wanda aka kafa a 1999, ya ɗauki hotunan guntayen Geniza, daga baya shafinsa Hachi Garsinan ya jera kwafe-kwafen Talmud kafaɗa da kafaɗa, kalma da kalma. Sefaria, da aka kafa a 2011, ta ɗaure kowane layi da sharhinsa, kyauta a intanet.

Ribar wannan doguwar tafiya babba ce. A da, mai buga littafi ke zaɓa wa ɗalibi karatun da zai bi. Yau ɗalibi na ganin shaidun da idonsa, ya auna, ya yanke hukunci da hujja.